Daren da Kura Ta Yi Hausa a Ajingi

Mu da muka yi ƙuruciyarmu tsakanin Gaya da Ajingi a shekarun 1980 ba mu san kura a daji ba. Saninmu da ita bai wuce biyu ba: ko dai a bakin kakanninmu cikin tatsuniya, inda kullum Gizo ke yi mata wayo, ko kuwa a hannun gardawa ranar kasuwa, an sa mata takunkumi da sarƙa, ana kaɗa mata ganga tana ɗingishi. A nan muka fara gane abin da Bahaushe ke nufi da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi sa'a a cikinmu aka kai shi gidan zu na Kano, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, yakan dawo ya yi wata guda yana ba mu labari, rabin labarin kuma na wari ne.

To, mai karatu, da irin wannan ɗan guntun sani muka shiga wani gidan kallo a Ajingi, daren ƙaramar Sallah ta 1997, ana tsakiyar hunturu. Gidan ba wani gida ba ne, zagayen zana ne da bencina, sai talabijin bisa tebur, da bidiyo, da janareto yana ta tari a waje. Fim ɗin Indiya aka yi mana alkawari, amma bidiyo ya tauna kaset ɗin tun ba a kai ga waƙar farko ba. Ana shirin neman a mayar wa kowa kuɗinsa, sai wani malamin firamare ya ce yana da kaset na namun daji a gida, aka tura yaro ya ɗauko.

Irin finafinan nan ne na Turawa da ake ɗauka a dazuzzukan Gabashin Afirka, waɗanda wani Bature ke bayani a kansu da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri. Salon da David Attenborough ya yi suna da shi ke nan, tun shirinsa na Life on Earth da BBC ta nuna a 1979. Mu dai ba Turanci muke ji ba, aka fara tsaki. Can sai wani tela, wanda duk garin aka sani da barkwanci da iya tashe, ya miƙe ya murɗe muryar talabijin, ya tsaya gefe, ya maƙale murya irin ta Baturen, ya karɓi aikin.

"Jama'a, a yi tsit," in ji shi. "Ga Alhaji zaki nan, matansa huɗu sun fita nema, shi kuwa an bar shi da gadin inuwa." Wuri ya ruɗe da dariya. Ungulaye ya mai da su dangin mamaci masu jiran rabon gado. Da dorina ta juya baya tana watsa kashi da wutsiya, ya ce shugaban jam'iyya ne yake jawabi. Daga nan fa abin ya soma gangarawa, domin shi irin wannan fim ba ya rasa wurin da dabbobi ke barbara, telan kuwa bai tsallake ko ɗaya ba. Abin da ya faɗa alƙalami ba zai ɗauka ba, ko da edita ya yarda.

Abin da ya zauna mana a rai har yau shi ne yadda taron ya rarrabu. Mu samari muna ta faɗuwa kan juna, har da mai riƙe ciki. Yara na dariya don sun ga manya na yi. Wani magidanci da ya waiga ya ga ashe surukinsa ne a bencin baya, sai ya tsiri tari, ya sulale waje, wai zai duba kekensa. Tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta. Wani Bafulatani shi bai ma kula da telan ba, idonsa na kan hoto, da ya ga zaki ya kori kuraye daga kan nama sai ya ɗaga sanda yana cewa Allah ya ƙara. Malamin firamare kuwa fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Shi a ganinsa ilimi ya kawo mana muka mai da shi wasan banza, ya ce wannan ne dalilin da ya sa aka bar mu a baya. Ba wanda ya saurare shi.

Mutum ɗaya ne ya tsayar da telan, wani tsohon maharbi da ke zaune bakin ƙofa, lulluɓe da bargo. Mun zaci batsar ce ta dame shi. Ashe ba ita ba ce. Daidai inda telan ke kiran kura matsoraciya, mai cin saura, tsohon ya ce, "Kai yaro, yi wasanka, amma kada ka yi mata ƙarya. Naman nan ita ta kashe, zaki ƙwace ya yi." Telan ya rusuna ya ce, "Baba, ashe 'yar'uwarka ce, a yi mini afuwa." Muka sake fashewa. Tsohon bai yi fushi ba. Ya ƙara da cewa a cikin kuraye mace ce babba, ita ke gaba, namiji na bin baya, kuma in ka gan su daga nesa ba ka rabe macen da namijin. Wannan kuwa ya ba telan sabon abin yi na kusan rabin sa'a. Tsohon ya ja bargonsa ya yi shiru.

Sai bayan shekaru, da karatu ya kai wasunmu jami'a, muka tarar da maganar tsohon a rubuce. Wani masani mai suna Hans Kruuk ya shafe shekaru yana bin kuraye a Serengeti da Ngorongoro cikin ƙasar Tanzaniya, ya fitar da littafi a 1972, inda ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, yawancin abin da take ci ita ke kashewa, kuma sau da yawa zaki ne ke yi mata fashi. Abin da Bature ya samo da mota da tabarau mai hangen nesa, shi tsohonmu ya sani da ƙafa da kwari da baka. A lokacin da muka gane haka har an yi sadakar arba'in ɗinsa da daɗewa, kuma babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa zama ya tambaye shi a wane daji ya gan su, ko yaushe ya ji kukansu na ƙarshe.

Ba mu ce telan ya yi laifi ba, har yanzu in mun tuna Alhaji zaki sai mun dara. Abin da ya yi tsohon abu ne a wurinmu, sa wa dabba bakin mutum don a faɗa wa mutum abin da ba ya faɗuwa gaba da gaba. Ta irin wannan hanya ta wasa da abin da ake girmamawa maƙwabcinmu na Wudil, marigayi Rabilu Musa Ibro, ya cika gidajen kallo da finafinan camama har rasuwarsa a 2014, masu ilimi na yamutsa fuska, talakawa na sayen kaset. Amurkawa ma sun gwada nasu a 2008 da wani fim mai suna Strange Wilderness, wanda ke kwaikwayon masu shirin namun daji cikin batsa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Sai dai su suna da Attenborough ɗinsu a ajiye, in sun gama dariya su koma masa. Mu namu yana zaune bakin ƙofa cikin bargo.

Dajin da ya sani kuwa tun a wancan lokaci ya riga ya zama gonakin gero da dawa da gyaɗa. Masu itace sun ci rabonsu, bindiga ta ci nata, kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja shi ma ya sake hali tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974. Mai son ganin babban naman daji sai ya nufi Falgore ko Yankari, can ma sai da sa'a.

A daren nan man janareto ne ya ƙare kafin kaset. Muka fito cikin sanyi, mu huɗu muka kama hanyar ƙauyenmu a ƙasa, muna maimaita maganganun telan. Da muka shiga tsakiyar gonaki sai ɗayanmu ya tsaya, ya kewaye baki da hannu, ya yi kukan kura kamar yadda ya ji a talabijin kafin a murɗe murya. Muka yi tsit muna sauraro. Karnukan wata ruga ne kawai suka amsa.