Sabara a Hanyar Daura zuwa Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Damagaram a watan Maris, ta Kwangwalam da Matamaye, zai tarar da ƙasa ta yi fari fat. An kwashe karan gero, dabbobi sun cinye ciyawa, sai yashi da gawo jefi-jefi. Amma a gonaki da saurukan bakin titi akwai wani ɗan itace da bai bushe ba. Ganyensa toka-toka ne, idan iska ta kaɗa shi sai ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Sabara ke nan, wadda masana tsirrai ke kira Guiera senegalensis.

Galibinku kun san ta a tukunyar magani, domin iyayenmu na dafa ganyenta saboda tari da gudawa. Makiyaya kuma na yi wa shanu hayaƙi da ita don korar ƙuda. Amma ku sauka daga mota ku tsuguna a gindinta, za ku ga wani amfanin da ba a cika faɗa ba.

Iska na kwaso yashi da busasshen ganye ta jibge a ƙarƙashinta, har wurin ya yi ɗan tudu mai sanyi. Gara da sauran ƙwari na taruwa a nan, su kuma ƙadangaru da tsuntsaye su biyo su. Da sassafe za ku ga sawun fakara da na zomo a kan yashin. A fili irin wannan, inda shaho ke hango komai daga sama, ƙaramar dabba ba ta da maɓoyar da ta wuce wannan duhuwa. Lokacin da ta yi fure kuwa, 'yan dunƙule-dunƙule ruwan ɗorawa, ƙudan zuma ba ya rabuwa da ita. Awaki da raƙuma ma na taɓa ganyen idan kiwo ya yi wuya, duk da ɗacinsa.

Me ya hana ta bushewa? Saiwarta ce ke nitsawa can ƙasa inda laima take. A wani bincike da aka yi a Sanagal, aka wallafa a 2018, an gano cewa da dare saiwar kan jawo ruwa daga ƙasa ta sake shi kusa da sama, har geron da ke kusa da ita ya sha. A ganina wannan ya isa a daina kallonta a matsayin dattin gona.

Kafin damina manoma kan sassabe ta ƙasa-ƙasa, su ƙone rassan ko su kai gida a yi girki. Muddin ba a tone kututturen ba, da an yi ruwan shuka za ta sake tofowa. Inda aka tone shi kuwa, tudun yashin kan baje, fakarar ma ta sauya wuri.