Dutsen Da Ba Mu Kai Ƙarshensa Ba

Na daɗe ina son ba ku wannan labari, kunya ce take hana ni, don labarina ne ni da maigidana.

Auren zumunci aka yi mana, ɗan wan babana ne, tun ina ƙarama Yaya nake ce masa. Lokacin da aka sa rana kuwa zuciyata tana wani wuri daban, na yi kuka har na gode Allah. Wata uku da tarewata, maganar da take haɗa mu ba ta wuce "sannu da zuwa" da "ga abinci nan" ba. Shi kuma ba ya faɗa, ba ya kai ƙara gida, wannan haƙurin nasa ma ya fi komai ƙona min rai.

Cikin watan Disamba na 2019 ya sami hutu, ya ce, "Ki haɗa kaya har da rigar sanyi, za mu Taraba." Wai tun yana sakandare yake burin hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, can kan iyakarmu da Kamaru. Na ce "to" kawai, a raina ina cewa ji wani neman wahala.

Daga Kano muka kwana a Jalingo, washegari muka bi ta Bali muka isa Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Aka haɗa mu da ma'aikacin da zai yi mana jagora, don ba dajin da mutum zai kutsa shi kaɗai ba ne. Ya kai mu ƙauyen Gashaka, ya nuna mana kangon ganuwar da Jamusawa suka bari a kan tudu, sannan muka gangara kogin Kam. A nan na fara ganin dorina da idona, hanci da kunnuwa kawai ta fito da su saman ruwa. Muna tsaye wani ƙaton gwaggon biri ya lallaɓo ya sure biredin da Yaya ya ajiye a kan dutse. Wallahi dariya ta taso min, na danne ta da mayafi don kada ya gani.

Daga Serti muka kama hawan tsaunin Mambila, don ta can ake bi a je dutsen. Hanya ce mai murɗe-murɗe, kunnuwana suka toshe, na yi ta salati. Amma da muka hau, kai 'yan'uwa! Tuddai ne iya ganinki, ga garken shanu, ga hazo yana yawo ƙasa-ƙasa kamar ki miƙa hannu ki taɓa. Mun leƙa gonar ganyen shayi ta Kakara, kore shar, muka kwana a Nguroje. Ni da nake taƙama da sanyin Kano, ranar da ƙyar na iya alwalar asuba.

Acaɓa ya kai mu inda hanya ta ƙare, sauran tafiya sai a ƙafa. Yini guda muna hawa muna sauka, muna tsallake rafuka, muka kwana a wata ruga. Matan gidan suka karɓe ni kamar 'yarsu, suka ba ni nono mai ɗumi. A bakinsu na ji ɗaya sunan dutsen, Gangirwal, jagoranmu ya ce ana fassara shi da Dutsen Mutuwa. Gabana ya faɗi, ban dai nuna ba.

Washegari da hantsi, muna tsakiyar hawa, santsin ciyawa ya kwashe ni, ƙafata ta gurɗe. Na yi ta maza na miƙe, don ba na son ya ga gazawata, taku uku na sake zubewa. Ga kan dutsen can muna hangensa. Jagora ya ce abin da ya rage bai fi tafiyar awa biyu ba, a bar ni nan da yaron da yake ɗaukar mana kaya, su je su dawo.

Yaya bai tanka masa ba. Ya durƙusa ya cire min takalmi, ya warware rawanin da ya naɗe wuyansa da shi saboda sanyi, ya ɗaure min ƙafar a hankali. Sannan ya ce, "Mu juya."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Haba Yaya, shekara nawa kana wannan burin? Ga kuɗin da ka kashe. Don Allah ka je, zan jira ka."

Ya ɗago ya dube ni, ina jin mamaki yake yadda na jera masa magana mai tsawo haka. Ya ce, "Da dutsen aka ɗaura min aure?"

Dariyar da na ɓoye a bakin kogi ita ce ta ƙwace min, hawaye suka biyo ta. Jagora ya kau da kai yana duban shanu.

Saukowar ta ɗauke mu har la'asar, ina dafe da kafaɗarsa, inda hanya ta yi muni ya goya ni, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar amma bai ce ya gaji ba. Daren nan a ruga, a bakin wuta, na faɗa masa duk abin da na ƙunsa a raina tun ranar sa rana, har da wanda ban taɓa faɗa wa Inna ba. Ya saurara har na gama. Ya ce ai ya sani tuntuni, jira yake in faɗa da kaina.

Har yau bai koma Chappal Waddi ba. Duk Disamba sai ya ɗauko takalman nan nasa ya goge su, ya ce bana dai sai ya hau. Bara na ce masa ya je shi kaɗai, ni zan zauna da yara. Ya ce a'a, sai dai in ƙafar tawa ta gama warkewa, alhali ya san ko wata guda ban yi ina ɗingishi ba.