Tsohuwar Marsandi mai shan dizal

Jama'a da yawa na tambayata me ya sa har yau nake riƙe da tsohuwar Marsandi 300D, wadda muke kira V-boot, alhali dizal ya yi tsada. Tambayar na kan hanya, don an daɗe da cire tallafi a kan dizal tun kafin a cire na fetur a 2023. Amma ga dalilina.

Wannan samfurin, W124, ya fito a ƙarshen 1984, lokacin da ake ƙera mota domin a riƙa gyara ta ana ci gaba da mora. Injinta silinda shida ne, lita uku, kuma famfon da ke raba mai ƙarfe ne zalla, ba kwamfutar da ke juya shi. Duk abin da ya lalace, bakaniken da ya san aikinsa zai kwance, ya gani da idonsa, ya gyara da hannunsa. Kayanta kuwa ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Da safe, musamman a hunturu, ba a murɗa makulli a tayar kai tsaye. Sai ka jira fitilar hita ta mutu. Ba ta son gurɓataccen mai, domin ruwa kaɗan a cikin dizal ya isa ya ɓata famfo da nozul. Kan injin na alminiyam ne, idan ka bari ta yi zafi yana iya tsagewa, shi ya sa idona ba ya barin allurar zafi. Juyen baƙin mai ba a ɗaga masa ƙafa. Ko kashe ta ma da zuƙar iska ake yi: idan wata roba ta huje, sai ka zare makulli inji na ta aiki, sai ka buɗe bonet ka danna sandar tsayarwa.

A hanya ba ta da gaggawa. Wajen tashi ƙananan motoci kan wuce ta, amma idan ta miƙa tsakanin Kano da Zariya sai ta zauna daram, ta shanye ramuka, ka sauka ba ciwon baya. Tafiyarta irin ta raƙumi ce, ba gudu, ba gajiya.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne ba ta yaudara. Kafin ta ba ka matsala sai ta sanar da kai, ta canjin ƙara ko launin hayaƙi.

Don haka, ɗan'uwa, idan kana sha'awarta, ka fara neman bakanike mai amana kafin ka nemi motar. Ka ware kuɗin kula da ita kowane wata, kada ka jira ta tsaya. Wanda ba zai iya wannan ba, ya bar ta ga mai iyawa.