Robar Ƙofar Tsohuwar Fijo

Duk wanda ke cin kasuwannin Ƙanƙara, Sheme ko Ɗandume ya san cewa Fijo 504 ba ta gama aiki ba a ƙasarmu. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, masana'antar PAN ta Kaduna kuma, wadda ta soma haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da yin ta shekaru masu yawa bayan Turai ta daina. Shi ya sa bakanikenmu ya san ta ciki da bai. Inji ana sauke shi a yi masa garambawul, bodin da ya ruɓe mai walda ya yanke ya sa faci. Abu ɗaya ne babu mai iya ƙera maka a gareji, shi ne robar da ta zagaye ƙofa.

Na san haka ne lokacin da muka tashi farfaɗo da a-kori-kurar gidanmu, wadda ta yi shekaru tana ɗauko masara daga gonakin Sabuwa da Faskari zuwa Funtuwa. Na yi cigiyar sabuwar roba a Funtuwa, na sa aka duba mini a Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ake samu galibi doguwar roba ce da ake yankowa da awo. Kaurinta bai yi daidai da na asali ba, ba ta kuma da lanƙwasar kusurwa, sai ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa sai an buga ta, ko ta rufu amma ta bar kafa. A hanyoyinmu na burji, kafa kamar ta tsinke ta isa ta cika gaban mota da jar ƙura a lokacin hunturu, da damina kuma ruwa ya kwanta ƙarƙashin ƙafar direba ya cinye ƙarfen. Ga shi halin tsaro a wannan yanki ya sa mutum ba ya tashi tafiyar neman kaya haka kawai. Tsohuwar robar da ke jikin motar ta zama dukiya, dole a cire ta lafiya kafin a yi fenti.

Dattijon da ya yi mana aikin bodi bai yarda yaronsa ya taɓa robar da safe ba. Na ce, "Baba, ai gara a cire tun da sanyin safiya a rage aiki." Ya ce, "A'a ɗana, da sanyi roba a ƙage take, karyewa za ta yi. Bari rana ta ɗan gasa ta." Aka tura motar fili. Wajen hantsi ya danna robar da yatsa, ta lotsa ta dawo, sannan ya ce a kawo ruwan sabulu.

Yadda ya yi aikin ya zauna mini a rai. Bai ɗauki sukudireba ba, domin bakinta yana huda roba, yana kuma karce ƙarfe ya buɗe wa tsatsa hanya. Guntun itace ya fere ya yi masa baki mai faɗi. Ya fara daga tsakiyar miƙaƙƙen gefe, ya ɗaga kaɗan, ya ɗiga ruwan sabulu a bayan robar, ya matsa gaba kamar faɗin yatsu uku. Inda aka kama ta da 'yan maɓallai a cikin hudojin ƙofa, sai ya zura itacen ƙarƙashin maɓallin ya ɓalle shi, bai taɓa jan robar don ta fizgo shi ba. Inda wani ya taɓa manne ta da gam a baya, nan ya fi daɗewa, yana kankare gam ɗin daga ɓangaren ƙarfe. Kusurwar sama ya bari ƙarshe, ya tallabe ta da hannu biyu, don a nan ne mahaɗa take, a nan kuma ta fi saurin yagewa.

Akwai al'adar da na ƙi jini a garejinmu, ta wanke kowane abu da fetur ko shafa masa baƙin mai. Ga ƙarfe babu laifi. Roba irin wannan kuwa shan man take yi ta kumbura, ta yi laushin ƙarya, daga baya ta ruguje. Ruwa da sabulu sun ishe ta, in ta bushe a inuwa a shafa mata gilisirin ɗin da ake sayarwa a kemis. Kowace ɗaya muka ɗaura mata ƙyalle mai alamar dama ko hagu da inda ke sama. Ba a rataye ta a ƙusa, nauyinta zai ja ta ta ƙara tsawo. Shimfiɗe ta muka yi a kan tabarma cikin ɗaki, nesa da rana da ɓeraye.

Cirewar ce ta tona mana abin da fenti ya rufe. Gindin ƙofar direba ya yi tsatsa a ƙarƙashin robar, 'yan hudojin da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofar duk laka ta toshe su. Mai fentin da ya liƙa takarda a kan roba ya fesa, ya bar maka wannan cutar a ciki, ga fenti a gefen robar da zai sa ta tsage. Ni a ganina wannan rabin aiki ne, kome ƙyallin motar.

Ba kowace ke tsira ba. Wadda ka lanƙwasa ka ga ta yi tsage-tsage har ciki, ta gama yayi. Gara a nemi ta wata 504 da ta mutu a wajen masu sayar da tsofaffin kaya. Namu dai sun yi. Da fenti ya bushe sarai aka mayar da su, wannan karon daga kusurwa aka fara, ana turawa ba a ja. Dattijon ya sa takardar naira a bakin ƙofa ya rufe, ya ja, ya maimaita haka wuri-wuri har ya zagaye. A ƙasan ƙofar fasinja takardar ta zare ba wuya, sai ya sassauta maƙallin kulle, ya matsar da shi ciki kaɗan, ya sake gwadawa har ta riƙe.