Abin da na gani a bakin mitar ruwa

Yawancinku kun san ni ne da littafin taro da biro, amma abincin gidana daga karanta mitar ruwa yake fitowa. Na shafe shekaru ina zagaya gidajen Wuse, Garki da Maitama ina ɗaukar lamba. Na ga ya dace in rubuta wani abu a kan wannan aiki, domin ya shafi da yawa daga cikinmu, musamman masu gadi da 'yan garuwa.

Aikin a baki ba shi da wuya: ka je gida, ka duba mita, ka rubuta lamba. A aikace kuwa, mita tana cikin wani ɗan rami kusa da ƙofar gida, sai ka durƙusa, ka ɗaga murfi, ka share laka daga gilashin da yatsa. Da damina ramin kan cika da ruwa, da rani kuma ka yi hattara da kunama. Wani gidan kare ne zai fara yi maka maraba. Wani gidan kuma ta ƙaramar taga za a ce maka oga ba ya nan, ka dawo gobe. Idan wata ya ƙare ba a ga mita ba, sai a koma ƙiyasi, daga nan rigima ta fara.

Ruwan da nake bin sawunsa ya yi doguwar tafiya kafin ya iso famfo. Daga madatsar Usuma yake fitowa, can wajen Ushafa a yankin Bwari. A nan ake tace shi, a zuba masa magani, a tura shi manyan tankuna, sannan ya gangaro cikin gari. Tun da gwamnati ta dawo Abuja a watan Disamban 1991 jama'a ke ta ƙaruwa, har sai da aka janyo ƙari daga madatsar Gurara da ke jihar Kaduna ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 70. Duk wanda ya san haka ba zai iya kallon wannan ruwa yana malala cikin kwata bai ji ciwo ba.

Ita mita da ma'aunin kubik take ƙirga. Baƙaƙen lambobi su ne kubik, jajayen kuma ƙananan ma'auni ne da ba su kai kubik ba. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai lita 25, ko kura huɗu mai jarka goma-goma. Ku riƙe wannan lissafi.

Wata rana na shiga wani gida a Maitama na tarar lamba ta ninka ta watan baya kusan sau uku. Maigidan ya riga ya yanke hukunci: maigadinsa ne ke sayar wa 'yan garuwa ruwa da daddare. Maigadin dattijo ne, mutumin ƙasar Katsina, yana tsaye kansa a ƙasa, ba abin da yake cewa sai "Wallahi Alhaji ban taɓa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma. A rufe kowane famfo da ke gidan nan, kada kowa ya taɓa ruwa."

Aka rufe. Na kira shi ya sunkuya ya gani da idonsa: ƙaramar allurar mita tana ta juyawa. Muka zagaya bayan gida, sai ga tankin ƙasa ya cika yana ambaliya ta wani siririn bututu zuwa cikin kwata. Ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika ne ya lalace, dare da rana ruwa na tafiya ba wanda ya lura. Alhaji ya ce a kira falamba. Da zan fita dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini." Shekara bakwai yana gadin gidan, saura ƙiris ya tafi da sunan ɓarawo saboda wani ɗan ƙarfe da roba.

Ba kowa ke samun wanda zai duba masa ba. Idan bil ya hau, wanda ya fi kowa rauni a gida ake fara nuna wa yatsa: maigadi, mai wanki, yaron gida. A abin da na gani, mafi yawan lokuta laifin na tanki ne, ko tankin banɗaki da ke tsiyaya ba sauti, ko bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa.

Abu na biyu ya fi damuna. Idan na tashi aiki, unguwar da nake komawa babu mitar da zan karanta. Mu da ke Mpape, Gwagwa, Karmo da makamantansu, galibinmu da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa muka dogara. Kowa ya san nawa yake sayen jarka a layinsu. Ya ninka kuɗin sau 40, sannan ya tambayi mai famfo nawa ake cajinsa kubik ɗaya. Zai ga cewa talaka ya fi mai hali biyan ruwa da tsada, nesa ba kusa ba. Kuma ba ɗan garuwa ke cin ribar ba. Shi ma saye yake yi a wurin mai burtsatse, ya tura kura a kan tudu, abin da ke saura masa ladan ƙarfinsa ne. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da babban aikin faɗaɗa bututun ruwa na Abuja. Muna fata wata rana ya iso ƙofarmu, mu ma a kawo mana bil mu yi ƙorafi.

Kafin nan, ga roƙona ga 'yan uwa masu gadi. Ku koyi karanta mitar gidan da kuke aiki. Ranar ɗaya ga kowane wata ku ɗauki hotonta da waya, hoton zai nuna kwanan wata. Lokaci-lokaci, idan gida ya yi barci, ku haska ku ga ko allura na motsi. In tana motsi, ku sanar da maigida da safe tun kafin bil ya zo. Idan mai karatun mita ya ƙwanƙwasa, ku duba katin shaidarsa ku buɗe masa. Kuma duk wanda ya ce ku bari ya jona bututu ta bayan mita ya ba ku na goro, ku guje shi, domin ranar da asiri ya tonu ba shi za a kama ba.

Wanda bai gane lambobin ba ya kawo hoton mitarsa taro mai zuwa, bayan an tashi zan zauna da shi mu duba tare. Allah Ya kare mana mutuncinmu, Ya sa albarka a nemanmu.

Naku,
Sakataren ƙungiya