Randa ba rijiya ba ce

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu fama da aikin digiri na biyu, ku ba ni minti biyar. Akwai wautar da na tafka kwanan baya, ba na so wani ya maimaita ta.

Bincikena a kan gonakin citta ne. Duk wanda ya san kudancin Kaduna ya san abin da ya faru a daminar 2023, lokacin da cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka tafka asara. Ina amfani da hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2 don in ga yadda gonakin suka canja kafin cutar da bayanta. Hotunan kyauta ne, amma nauyi gare su. Guda ɗaya yana rufe fili wajen kilomita 100 tsawo da faɗi, kuma ya kan haura megabait 500. Ka lissafa kuɗin data da kanka.

Mu huɗu ne a gidan hayarmu a Kafanchan muke buƙatar hotuna iri ɗaya. Sai muka ce maimakon kowa ya sauke nasa, mu haɗa kuɗi mu sauke sau ɗaya. Muka samu wata tsohuwar kwamfuta muka sa mata Ubuntu, ta zama uwar garke, kowa yana ɗauko fayil daga cikinta ta hanyar NFS. Tsohon tsari ne, kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro shi tun 1984: fayil yana can a wata kwamfuta, amma kana ganinsa kamar a taka yake.

Matsalar ita ce Wi-Fi ɗinmu. Da mun buɗe QGIS mu huɗu a lokaci ɗaya, shi ke nan, kana iya dafa indomi ka cinye hoto bai gama buɗewa ba. Kuma hotunan jiya ne dai muke sake buɗewa yau.

A nan na gano FS-Cache, wanda David Howells na kamfanin Red Hat ya rubuta, ya shiga Linux 2.6.30 a 2009. Aikinsa irin na randa ne. Ba duk sanda ka ji ƙishi kake zuwa rijiya ba, ka ɗebo ka zuba a randa, ka riƙa sha daga nan. Karon farko da ka buɗe fayil, sai ya ajiye abin da ka karanta a faifan kwamfutarka. Karo na biyu daga nan zai ɗauko.

Saitin ba wuya. Na sa cachefilesd, na buɗe /etc/default/cachefilesd na kunna RUN=yes, sannan na ƙara fsc a zaɓin haɗa NFS ɗin. Ma'ajiyar tana /var/cache/fscache. A cikin /etc/cachefilesd.conf akwai lambobi 3 da ya kamata ku gane: brun 10%, bcull 7%, bstop 3%. In sararin da ya rage a faifai ya sauka ƙasa da kashi 7, sai ya fara zubar da fayilolin da aka daɗe ba a taɓa ba, har sarari ya koma sama da kashi 10. In ya sauka ƙasa da kashi 3, ya daina ajiya gaba ɗaya. Ni na ware masa sashe na daban a faifai, don kada ya yi rigimar wuri da sauran kayana.

Wallahi abin ya yi aiki. Buɗewar farko tana nan da nawarta, amma ta biyu kafin ka gyara zama ta buɗe. Na saita wa sauran ukun, suka fara ce mini Injiniya. Kai ya kumbura.

To ga inda aka samu matsala. Malamina ya ce kafin mu zauna ranar Litinin, in je in tabbatar da gonaki da idona, in gwada abin da hoto ya nuna da abin da ke ƙasa. Na shirya da wani dattijon manomi a wajen Kwoi, ya bar aikinsa ya ce zai zagaya da ni. Daren tafiya na buɗe duk hotunan da nake buƙata ɗaya bayan ɗaya, na ce ai sun shiga randa. Na duba ma'ajiyar, ga ta cike. Na kwanta hankali kwance.

Da muka isa bakin gona na buɗe laftof a kan babur. Na danna babban fayil ɗin, ya tsaya cak. Na jira, na kashe na kunna, shiru. Dattijon ya leƙo ya ce, “Yarona, lafiya?” Na ce, “Baba, netwok ne.” Ya yi dariya ya ce shi citta ba ta jiran netwok. Mun zagaya gonakin ina rubutu a takarda, amma ban san wace gona ce ta dace da wane ɗigo a hoto ba. Kuɗin mota ya tafi, yinin bawan Allah ya tafi, ranar Litinin na shiga ofishin malamina hannu rabbana.

Sai da na dawo na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. NFS ba ya yarda da abin da ke ma'ajiya sai ya tambayi uwar garke: fayil ɗin nan yana nan? An canja shi? In babu mai amsawa, ba zai buɗe ba, ko da bayanan suna kwance a faifanka. Kuma ba da sunayensu aka ajiye su ba, balle ka shiga ka kwaso. Na kuma gane cewa fayil ɗin da ka buɗe don rubutu ba ya amfana da ma'ajiyar, na karantawa kawai take yi wa aiki. Wato babin da nake rubutawa kai tsaye a kan uwar garke, kwafi ɗaya tal gare shi a duniya, a cikin tsohuwar kwamfutar da wuta ke ɗaukewa a kanta kullum. Da na gane haka sai da gumi ya karyo mini.

Yanzu ga tsarina. Ma'ajiyar tana nan don sauri in ina gida. In zan yi tafiya, rsync nake amfani da shi in kwafo hotunan zuwa kwamfutata, in kashe Wi-Fi in buɗe su tun ina ɗaki. Rubutun kuma wuri 3 yake: laftof, filash, da imel.

Na koma Kwoi mako biyu bayan nan, da goro da ban haƙuri. Baba ya sake zagayawa da ni.

Kai da kake karanta wannan, yau da dare kashe data da Wi-Fi, ka gwada buɗe aikinka. In bai buɗe ba, ba a hannunka yake ba. Masu amfani da Google Drive da OneDrive, har da ku nake.