Sirrin Yaƙi da Sirrin Ciniki

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutanen gundumar Madarumfa sun san nauyin wannan magana, domin a ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da Safo da Sarkin Yamma, kalma guda da ta kuɓuce daga baki ranar kasuwa tana iya isa dajin Baban Rafi kafin mai ita ya isa gida. Shekaru ke nan ɓarayi masu ƙetarowa bisa babura daga dazuzzukan Katsina da Zamfara suke kore shanu, suna ɗaukar mutane don neman kuɗin fansa, kuma kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka idan sojojin Farautar Bushiya, wato aikin tsaron da aka kafa a jihar Maraɗi don yaƙar waɗannan ɓarayi, suka tashi cikin dare ba su faɗa wa kowa inda suka nufa ba, babu mai hankalin da zai yi ƙorafi. Manomi ya fi son ya kwana bai san inda soja yake ba, muddin ɓarawo ma bai sani ba.

Sai dai sirri iri biyu ne, kuma an daɗe ana cuɗa su wuri guda da gangan. Akwai sirrin yaƙi: yawan mayaƙa, hanyar da za su bi, sa'ar da za su tashi, da sunan wanda ya kawo musu labari. Akwai kuma sirrin ciniki: nawa aka sayi mota, wa ya kawo ta, nawa dillali ya ci, kuma shin ta iso bariki ko a takarda kawai ta tsaya. Na farko garkuwa ne ga soja. Na biyu kuwa, tarihin ƙasar nan ya nuna cewa sojan ne farkon wanda yake cutarwa.

Rundunoni na musamman su ne wurin da sirrin nan biyu suka fi haɗewa. Ƙananan ƙungiyoyi ne na zaɓaɓɓun mayaƙa da ake horarwa don kai farmakin bazata, da kama shugabannin ƴan bindiga, da ceto waɗanda aka yi garkuwa da su. Nijar ta kafa bataliyoyi irin waɗannan da taimakon ƙasashen waje kafin juyin mulkin 2023: sojojin Beljiyam sun yi aikin horarwa a nan Maraɗi, Jamusawa kuma a Tiliya ta jihar Tawa, ga Amurkawa da Faransawa a wasu wurare. Amfanin ɓoye shiri a irin wannan aiki ya bayyana a watan Oktoba na 2020, lokacin da aka sace wani Ba'amurke a Masallata kusa da Birnin Ƙwanni. Cikin ƴan kwanaki, ranar 31 ga watan, dakarun Amurka na musamman suka dira cikin dare a arewacin Najeriya suka ɗauko shi da rai. Da labarin ya fita tun da rana, da an samu wata magana dabam. Mutumin Gabi da ya sayar da shanunsa da gonarsa don ya fanshi matarsa ya ji wannan labari a rediyo, kuma ba abin da yake fata kamar a ce ƙasarsa na da runduna mai irin wannan kayan aiki.

To amma sirri idan ya yi yawa yakan rufe ido har ga masu shi. Ranar 4 ga Oktoba 2017, a Tongo Tongo ta jihar Tilaberi, ƴan bindiga suka yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna, aka kashe sojojin Amurka 4 da na Nijar aƙalla 4. Binciken da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a watan Mayu na 2018 ya nuna cewa takardar neman izini da aka miƙa wa manya ba ta bayyana ainihin aikin da aka fita yi ba: an rubuta zagayen leƙen yanayi, alhali kuwa an fita neman wani jigon ƴan bindiga ne. Abin da ya fi ba da mamaki, wasu manyan ƴan majalisar dattawan Amurka sun fito fili sun ce ba su san ƙasarsu na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba, wato kimanin 800 a lokacin. Su ne masu amincewa da kuɗin, amma ba su san inda kuɗin ya kai ƴaƴansu ba. A ɓangaren Nijar ma haka abin yake. Da hukumomin soja suka soke yarjejeniyar zaman sojojin Amurka ranar 16 ga Maris 2024, hujjar da suka bayar ita ce an ƙulla ta tun 2012 da wata wasiƙar diflomasiyya kawai, ba tare da an tuntuɓi wakilan al'umma ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe ta, domin za a buƙace ta a gaba.

Sirrin ciniki kuwa ya tonu ne bayan jini ya zuba. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Ƙasa na cikin makoki, sai a watan Fabrairu aka ji cewa binciken da sufetocin soja suka gudanar a ma'aikatar tsaro, zamanin minista Isufu Katambe, ya gano giɓin da ya haura miliyar 76 na kuɗin sefa. Ga mai lissafi da jaka, wannan jaka miliyan 76 ke nan. Kimanin miliyar 48 daga ciki ƙarin farashi ne ba bisa ƙa'ida ba, kimanin miliyar 28 kuma kuɗin kayan da aka biya amma ba a kawo ba. Rahoton ya yi maganar takarar bogi, inda akan jera sunayen kamfanoni da dama alhali hannu ɗaya ne a bayansu, da takardun shaidar karɓar kayan da babu wanda ya gan su. Cikin cinikin da aka fi tattaunawa akwai na jirage biyu masu saukar ungulu ƙirar Rasha da aka saya a 2016 kan farashin da masu bincike suka ce ya wuce kima da nisa.

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. Duk Alhajin Maraɗi da ya taɓa aiken yaronsa Kano ko Kwatano sayen kaya ya san yadda ake yi. Yakan ɓoye wa abokan takara ranar da motarsa za ta taso da hanyar da za ta bi, don gudun ƴan fashi da ƴan hassada, wannan hikima ce. Amma ranar da yaron ya dawo ya ce farashin kayan sirri ne, ba zai faɗa wa mai dukiya ba, to ranar ce ta ƙarshe da zai riƙe makullin kanti. La'adar dillali halal ce idan mai saye da mai sayarwa sun san ta. Idan ta ɓuya cikin farashi har ta kusa kai kuɗin kayan, sunanta ya sake. Kuma babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhu ɗari, a kawo masa sittin, ya sa hannu cewa ya karɓi ɗari. Abin da ba a yarda da shi a kasuwar Ɗan Isa ba, shi aka yi da dukiyar ƙasa, aka lulluɓe shi da mayafin tsaro. Cinikin biri a sama ke nan, kuma da kuɗin talaka.

Ma'aikacin gwamnati shi ma ya san inda bangon ya tsage. A ƙa'ida, kwangilar gwamnati sai an yi shela, an buɗe takardun masu nema a gaban shaidu, an bi ta hannun mai duba kashe kuɗi, sannan kwamitin karɓa ya ƙidaya kaya kafin baitulmali ya biya. Kowane mataki sa hannun wani ne, kuma kowane sa hannu ido ne. An ware sayayyar tsaro daga wannan doguwar hanya da dokoki na musamman, bisa hujjar gaggawa da sirri, ta yadda ake iya yin ciniki kai tsaye da wanda aka zaɓa. Hujjar ba ƙarya ba ce, domin ba a shelar irin na'urar sauraron da runduna ta musamman ke buƙata a jarida. Amma duk idon da aka rufe, ƙadangare ya samu wurin shiga. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Yadda maganar ta ƙare ya fi farkonta ciwo. Da fari gwamnati ta ce za a nemi masu hannu a ciki su mayar da kuɗin, sai wanda ya ƙi za a kai kotu, abin da ya sa ƙungiyar alƙalai ta ɗaga murya. Ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula suka kira gangami a Yamai, aka tarwatsa shi, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum 3 suka rasu, wasu shugabannin gangamin kuma suka yi wata shida a gidan kaso. Ƴar jarida Samira Sabu ta yi fiye da wata ɗaya da rabi a tsare kan ƙarar ɓata suna da ta danganci batun, kafin kotu ta sallame ta. A watan Yuni na shekarar, bayan an saurari ƴan kwangilar, adadin ya sauko daga miliyar 76 zuwa kimanin 32. Talaka ya ga masu tambaya sun riga waɗanda ake tambaya shiga kurkuku, ya kuma ɗauki darasin da bai kamata a koya masa ba.

Maƙwabta ma sun sha wannan ruwa. A Najeriya, a watan Disamba na 2015 aka kama Kanal Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dalar Amurka biliyan 2.1 da aka ware don sayen makaman yaƙi da Boko Haram, a daidai shekarun da sojoji ke kukan rashin kayan aiki a Borno. Ga mutumin Madarumfa wannan ba labarin nesa ba ne. Duk lokacin da tsaro ya yi rauni a wancan gefen iyaka, zuwa Jibiya da abin da ke bayanta, a wannan gefen ake kwana da ido biyu, kuma dubban ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi tun 2019 shaida ne.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sababbin hukumomi sun yi alkawarin tsarkake harkar kuɗi. Sun kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, sun kuma buɗe asusun ceton ƙasa, wanda aka fara zuba wa kuɗi har daga dala biyu-biyu da aka riƙa cirewa a kiran waya. Janar Musa Salau Barmu, wanda ya jagoranci rundunoni na musamman, shi ya zama babban hafsan hafsoshi a wannan shekara, wato mutanen da suka san fagen daga da idonsu sun hau kujerar yanke shawara. Amma ranar 23 ga Fabrairu 2024 aka sa hannu kan wata doka da ta fitar da kashe kuɗin tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati, da na haraji, da na lissafin baitulmali. Masu yaƙi da cin hanci a ƙasar sun nuna damuwa, kuma damuwarsu na bisa hanya. A nan ne hujjar da aka bayar wajen sallamar Amurkawa ta dawo: idan laifi ne a ƙulla yarjejeniyar soja ba da sanin al'umma ba, to kashe dukiyar al'umma ba tare da wani ido ya duba ba yana buƙatar amsa iri ɗaya. Niyyar shugaba na iya zama mai kyau, amma doka takan daɗe fiye da wanda ya rubuta ta, kuma ƙofar da aka bari buɗe don mutumin kirki, na banza ma ta nan zai shiga.

Maganin ba mai wuya ba ne, kuma ba ya buƙatar a tona asirin yaƙi ko ɗaya. Ana iya naɗa ƴan mutane kaɗan, alƙalai da masana lissafi da tsofaffin hafsoshi, a rantsar da su kan riƙe sirri, a ba su ikon ganin kowace takardar ciniki a ɗaki rufe. Ana iya wajabta cewa ba za a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ba sai kwamandan rundunar da za ta yi amfani da kayan ya ƙidaya su da hannunsa ya sa hannu, domin shi ne zai shiga motar, shi ne zai harba harsashin. Ana iya bayyana jimillar abin da aka kashe a shekara da sunayen kamfanonin da suka ci kwangila, ba tare da an faɗi inda aka girke kayan ba. Kuma bayan wasu shekaru, idan makamin ya tsufa, sirrin farashinsa ba ya tsare kowa sai wanda ya ci riba, don haka a buɗe shi.

Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin duwan a Ɗan Isa, da malamin makarantar da ke koyarwa a ƙauyen da ake rufe ƙofa tun magariba, da uwar da ɗanta ke cikin rundunar da ba a faɗin inda take, duk suna da haƙƙi a cikin wannan lissafi. Ba su nemi a gaya musu sa'ar da soja zai shiga Baban Rafi ba. Abin da suke nema shi ne idan ya shiga, a ce motar da aka biya kuɗinta tana ƙarƙashinsa, rigar sulken da aka rubuta a takarda tana ƙirjinsa, man da aka sa hannu a kansa yana cikin tanki. Rana ba ta ƙarya, kuma a fagen daga ake gane cinikin da aka yi da gaskiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya tsare na raye, ya kuma ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.